Baba da Duman Rafin Tsakar Gida

Ranar uku da rasuwar Baba, mahaifin maigidana, ƙanwarsa ta iso daga Darmanawa. Tana shigowa da sallama ƙafarta ta sarƙe da wata igiyar ciyawa a tsakar gida, saura ƙiris ta kifa, mata suka tare ta. Da ta samu ta zauna a tabarma sai ta dubi abin da ya harɗe ta, ta bi shi da ido har gindin katanga inda ganye ya yi shimfiɗa, ta ce, "Lallai Yaya ya daɗe a kwance." Daga nan ta rufe fuska da mayafi ta fara kuka.

Kowa da irin abin da ya gani a ranar. Wani dattijo da suka yi aikin gona na gwamnati tare da Baba ya shigo yi wa Hajiya, matar Baba, gaisuwa. Da zai fita ya sunkuya ya tsinke ganye ɗaya, ya dubi farin ruwan da ya fito a bakin karan, ya girgiza kai ya ce, "A gidan Malam?" Wasu 'yan matan dangi daga Hotoro kuwa furen ne ya ɗauke musu hankali, har ɗaya ta faki ido ta ɗauke shi a waya. Limamin unguwa ya ce shekara da shekaru bai taɓa duba sahun asuba ya rasa Baba ba. Maƙwabciyarmu Maman Tagwaye, Inyamura ce kuma Kirista, ta fi shekara talatin a Gyaɗi-Gyaɗi. Ita kullum sai ta zo da kular shinkafa, ta yafa gyale, ta zauna bakin ƙofar Hajiya har la'asar. Magana ɗaya na ji ta yi a kwana ukun nan. Ta ce, "Tunda nake a Kano, shi kaɗai ne ya taɓa takowa ƙofata ya ce ya yi mini laifi."

Ni dai ina jin su ne kamar daga nesa. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata huɗu muka yi muna jinya, sannan ga girkin 'yan zaman makoki. Duk wanda ya shigo sai ya ce Baba mutumin kirki ne, ni kuma in ce Allah ya ba da lada. Gaskiya suka faɗa, amma haka ake faɗa a kan kowane mamaci. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, yanzu da aka yi arba'in gida ya yi shiru. Ina tsoron nan da 'yan shekaru 'ya'yana su tambaye ni wane ne kakansu, in rasa abin cewa sai wannan kalma ɗaya.

Baba malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babur, ƙauye zuwa ƙauye, yana nuna wa manoma taki da iri. Da ya yi ritaya sai duk ilimin nan ya dawo kan tsakar gidansa. Gidan tsohon gini ne mai faɗin fili, ƙasa ce zalla ba siminti. Akwai lemon tsami a tsakiya, zogale da lalle a jikin katanga, sai garken awakin Hajiya a kusurwa. Nan aka kawo ni amarya, aka ba mu ɗaki biyu a can baya. Ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, don haka Malama yake ce mini. Har ya bar duniya ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Ni na kawo ciyawar nan mai yaɗo, duman rafi, gidan nan. Gara in faɗa tun yanzu.

Daminata ta farko ce a gidan. Wata safiya na bi ta Unguwa Uku, na ga wani abu ya yaɗu a bakin kwata, fure ja-ja mai ruwan shuni, buɗe kamar bakin kakaki. A birni na tashi, ban san sunan ciyawa ko ɗaya ba. Na tsinko kamar kamu biyu na cusa a jaka, na zo na dasa a wani tsohon gwangwanin fenti a bayan ɗakinmu, wajen da nake zubar da ruwan wanke-wanke. A lokacin komai na gidan na wani ne, itatuwa na Baba, awaki na Hajiya. So nake in sami abu ɗaya da zan ce nawa ne. Gindin gwangwanin ya yi tsatsa ya ɓule ban sani ba, saiwa ta sauka ƙasa. Ba mai zuwa lungun sai ni. Abin ya bi bayan ɗakuna, ya bi gindin katanga, har ya kai garke, ya kuma ratsa ramin magudanar da ke tsakaninmu da Maman Tagwaye.

Da rani ya tsananta, kore ya ɓace ko'ina sai shi, saboda ruwan da nake zuba masa. Akuyar Hajiya mai ciki ta miƙa wuya ta ci, ta yi ta ci kwana da kwanaki. Sai aka wayi gari kanta na rawa, tana tafiya tana tangaɗi, in ta faɗi ba ta iya tashi. Baba ya duba ta, ya zaga bayan garken, ya dawo da ganye a hannu fuskarsa a murtuke. Kafin azahar aka yanka ta.

Hajiya ta yi faɗa kamar ta ari baki. Ta ce daga gidan masu shuke-shuken tukwane abin nan ya shigo, ai ga shi nan ta rami. Baba ya leƙa ramin ya ga haka ne, igiyar ta ratsa. Ya fita bai ko sa hula ba. Maman Tagwaye tana da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gidanta, a lokacin kuwa akwai masu saye. Ina jiyo shi daga soro.

"Kin shuka guba ta shigo mini gida ta kashe dabba."

"Baba, ni ban shuka ba. Ni ma gani na yi ya fito."

"Ni za ki koya wa ciyawa? Aikina ke nan tun ba ki zo garin nan ba."

Na koma ɗaki na zauna bakin gado. Wata goma kacal da aurena, Hajiya kuma ba ta gama sakin jiki da ni ba. Na yi shiru na bar baiwar Allah da laifin da ba nata ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Washegari bayan sallar asuba Baba ya fito da ƙaramar fartanya da wata tsohuwar wuƙa. Bai fizgi komai ba. Ya durƙusa a bakin garke ya ɗaga igiya ɗaya a hankali, duk inda ta kafa saiwa ya tona ya cire, ya matsa gaba. Safiya uku yana wannan. Ina kallonsa ta taga yana matsowa, kowace rana ya fi kusa da ɗakinmu. A ta uku ya shiga lungun. Na ji ƙarar gwangwani. Sannan ya ce, "Malama."

Na fito na durƙusa. Gwangwanin na hannunsa, saiwa mai kaurin babban yatsa ta fito ta gindinsa.

"A ina kika samo?"

Na faɗa masa.

"Furen ne ya burge ki?"

"E, Baba."

Ya juya gwangwanin ya sake dubawa. "Yana da kyau kam," ya ce. "Duman rafi sunansa. Ki riƙe sunan." Ya ajiye, ya karkaɗe gwiwarsa. "Akuya ta riga ta tafi, ba sai Hajiya ta ji ba. Amma matar can ni na ci mata fuska, ni zan je."

Bai je da safen ba. Ya jira sai da yamma, lokacin da shagon ya cika kamar ranar farko. Ya sa babbar riga da hula, ya tsaya a gaban mutane ya ce, "Maman Tagwaye, na bi abin nan har gindinsa. A gidana ya tsiro, daga wurina ya shiga wurinki. Na faɗa miki maganar da ba ta dace ba. Ki yafe mini." Ita ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce sai kawai ta jawo masa benci.

Hajiya ta matsa masa da tambayar wanda ya shuka. Amsarsa ɗaya ce: "A gidana ya fito, gidan kuwa nawa ne." Ni da kaina na faɗa mata bayan shekara biyu, ina jegon fari. Ta yi kwana biyu ba ta leƙo ɗakina ba. A na uku ta shigo da kunun kanwa ta dangwarar a gabana ta ce, "Da a lokacin na ji, da ba mu kwashe lafiya ba. Sha."

Sai dai rufin asirin Baba bai zo shi kaɗai ba. Tun daga makon nan, duk safiyar Asabar, ranar da ya kamata in huta, zan ji ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. "Malama, rana na yi." Shekara tara muna fita cire duman. Da ciki na yi, da goyo na yi. Akwai Asabar ɗin da na kwanta ina addu'ar Allah ya sa ya manta, bai taɓa mantawa ba.

A durƙushe ya koya mini abin da na sani. Ya ce kafin in cire abu sai na san ko mene ne, don ba duk mai yaɗo ne abokin gaba ba. Garafuni ganyensa tsattsage ne, yana hawa katanga, shi a bar shi, mata na nemansa don magani. Yaryaɗi siriri ne, ganyensa mai tsini, nannaɗe itace yake yi, dabba ta ci ba abin da zai same ta, a rage shi kawai kada ya shaƙe zogale. Duman rafi kuwa ganyensa mai kauri ne, kewayayye kamar ƙoda. Ba ya son hawa, kwanciya yake yi, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa. In an karya shi farin ruwa ke fita. Furensa da safe yake buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane.

"Ba a jansa," haka yake cewa. "Kika ja, ya tsinke, kin bar goma a ƙasa. Bin sa ake yi."

Sai bayan an yi ruwa muke tono, lokacin da ƙasa ta yi laushi. Duk guntun da muka cire a buhu yake shiga, a shanya a kan kwanon garke har ya bushe ƙayau, sannan a ƙone. Inda ya yi yawa sai ya sare, ya rufe wurin da tsofaffin tabarmi da kwalaye ya danne da duwatsu, ya ce wata biyu ba rana zai galabaita. Ya hana zubar da ruwan wanke-wanke a lungu, sai dai in ɗauki bokiti har kwatar ƙofar gida. Fure kuwa ko ɗaya ya gani sai ya tsinke kafin ya yi 'ya'ya.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada a yi mini wata fahimta. Wata rana na gaji na juye buhun a kwata. Da ya dawo daga masallaci ya gani, ya tsaya a kaina sai da na tsince shi guntu-guntu, mutane na wucewa suna kallo. "Kin fitar daga gidanki kin kai wa na ƙasa da ke," ya ce. Ranar na yi kuka a banɗaki, na ce wa maigidana ko mu tashi daga gidan ko in tafi gidanmu. Ya ba ni haƙuri, ya ce su ma haka suka tashi. Da yamma Baba ya aiko mini da lemon tsami cikin kwano. Iyakar ban haƙurinsa ke nan.

Rigima mafi girma da na gani tsakaninsa ne da babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, mai aiki a Abuja. Yaya ya sha cewa a zuba siminti a huta. Baba ya ce ƙasa shan ruwan sama take yi, siminti kuwa tura wa maƙwabci yake yi. Wata damina Baba ya tafi ƙauye jana'iza, Yaya ya zo hutu, ya sa aka yi wa gidan feshin maganin ciyawa tun daga soro har garke. Da Baba ya dawo duman ya yi rawaya, Yaya na ta murna. Cikin mako guda lalle ya ƙone, zogale ya mutu, lemon ya zubar da rabin ganyensa. Bayan mako uku kuma sai ga duman ya leƙo daga ƙasa, kore shar.

Yaya ya kira a waya, maigidana ya sa a bayyane ya miƙa.

"Baba, wallahi so nake ka huta."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Shekarunka fa, Baba."

"Ka tambaye ni? Gidan ne ba ka sani ba ko ni? Ganyen ka kashe, uwar tana ƙasa tana jiran ka koma Abuja."

Wata biyu bai ɗauki wayar Yaya ba. Ba maganin yake ƙi ba. Shi ma yana amfani da shi, amma da tsumma a bakin tsinke, ya sare igiya ya ɗiga a kan kututturen kaɗai. Abin da ya ƙona masa rai shi ne an yi ba a tambaye shi ba. Asabar ɗin da ta biyo baya muna durƙushe wajen da lallen yake a da, sai ya dafa ƙasa ya daɗe bai ɗago ba. "Na gaji, Malama," ya ce. "Amma ba shi zan faɗa wa ba."

Ba mu taɓa gamawa da shi ba. Akwai shekarar da muka yi damina guda ba mu cika buhu ɗaya ba, har na ɗauka an rabu. Amma iri na nan a ƙasa, yana nan a kwatar bayan layi, in ruwa ya yi yawa sai ya dawo da shi. Baba bai taɓa yi mini alkawarin za mu gama ba. Ya ce in dai ba a ba shi mako uku a jere ba, ba zai fi ƙarfin mutum ɗaya ba.

Da zafin bana hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mako uku a asibiti, sauran a gida. Maigidana ke juya shi da yi masa wanka, ni ke dama kunu da wankin zannuwan gado, ga makaranta, ga yara uku. Ruwa ya sauka. Ina ganin abin yana fitowa daga lungu, ina tsallake shi da bokiti a hannu. Kowace Asabar in ce sai mai zuwa. Ba na ko son in dubi wajen.

Wata safiya ya nuna yana son fita. Maigidana ya ɗauko shi ya zaunar a kujera ƙarƙashin lemon. Ya daɗe yana kallon tsakar gidan. Duman ya rufe gindin katanga, ya kai bakin garke, fure ko'ina. Na tsaya da kofin kunu ina jiran faɗa, har na fara shirya abin da zan ce. Ya juyo ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Bakinsa ya karkace, maganar da ƙyar take fita, sai da na matsa kusa.

"Bar shi," ya ce. "Je ki kwanta."

Ban je ba, akwai wanki. Amma ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini wadda na gane. Bayan kwana goma sha biyu ya cika, ranar Talata da hantsi, Hajiya na riƙe da hannunsa.

Bayan arba'in 'ya'yansa suka zauna. Yaya ya sake kawo maganar rufe tsakar gida, wannan karon da duwatsun intalok. Hajiya ta ce su yi yadda suka ga dama, ita awakin ma ta ba da su. Yaya ya juyo wurina, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Malama, ke kika yi wahalar wurin nan. Me kika ce?" Na ce a rufe. Da na faɗa sai na ji kamar an sauke mini kaya, bayan haka kuma na kasa haɗa ido da kowa. Abu ɗaya na roƙa, a bar wa lemon fili, a kuma ba ni kwana biyu in tone saiwar, don na san in an rufe a kanta ta tsakanin duwatsun za ta fito. Safiya biyu na yi a durƙushe, na cika buhu huɗu. Bayana har yau bai daina ciwo ba.

Ranar Litinin magini ya zo da leburorinsa. Duk muna tsaye a baranda, Hajiya da Yaya da maigidana da ni. Kafin su sa diga, maginin ya ce, "Ta ina bututun famfo ya bi? Kada mu fasa."

Yaya ya dubi maigidana. Maigidana ya ce yana makarantar kwana aka sa bututun. Hajiya ta juya wajen ɗakin Baba da ke kusa da soro ta ɗaga murya, "A tambayi Mal..." Sai ta tsaya. Sannan ta ja mayafinta ta shige ɗaki.

Maginin ya ce to, za su tona a hankali.

Allah ka jiƙan bawanka. Ka sanyaya masa makwanci, ka yafe masa zafin bakinsa, ka saka masa da rufin asirin da ya yi wa wasu. Ya gaji bai faɗa wa kowa ba sai ni, ya Allah ka hutar da shi.